Sirrin waya a Gidan Amumune: Shin sauya babbar manhaja zai kare ɗan ci-rani da iyalinsa?

A ranar kasuwa a ƙauyukan Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maradi, rumfar mai cajin waya tana cikin wuraren da ba sa rabuwa da jama'a. Faifan sola a bisa rufi, batir a ƙasa, tebur kuwa cike da wayoyi an jera su kamar kayan koli. Mutum ya miƙa tasa, a sa mata alama, ya shiga cin kasuwa, sai bayan la'asar ya dawo ya karɓa.

Da yawa daga cikin wayoyin nan ba su da makulli. Wasu kuma suna da shi, amma mai rumfar ya san lambar, don shi ne ya buɗe wa mai wayar WhatsApp tun ranar da aka saye ta, shi ke tura masa wa'azi da fina-finai, shi ke duba ta idan ta rikice.

Abin da ke cikin wayar kuwa ba ƙarami ba ne. Akwai saƙon murya na ɗa da ke aikin gini a Libiya, akwai hoton rasit na kuɗin da aka turo ta Nita ko Amana, akwai hoton katin ɗan ƙasa da aka ɗauka don cika wata takarda, ga hotunan amarya da na ƴaƴa. A yankin da kusan kowane gida ke da wanda ya tafi ci-rani Najeriya, Aljeriya, Libiya ko wuraren haƙar zinariya na arewacin Agadas, waya ta zama akwatin ajiyar gida.

Wannan ne ya sa matasa masu sanin harkar fasaha a Maradi da Yamai da Kano, da waɗanda ke zaune a Turai da Amurka, ke tambayar ko akwai hanyar da za a rufe akwatin nan da kyau. Ɗaya daga cikin amsoshin da ake ji ita ce a cire babbar manhajar da kamfani ya sako a wayar, a ɗora wata wadda aka gina domin tsare sirri. Sunayen da suka fi yawo su ne GrapheneOS da LineageOS da /e/OS. To amma tsakanin jin sunan da ganin amfaninsa a Gidan Amumune akwai tafiya.

Mece ce babbar manhaja?

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da wayar baki ɗaya. Ita ke tayar da ita, ita ke ba WhatsApp damar taɓa kyamara, ita ke yanke hukuncin ko wata manhaja za ta karanta lambobin da aka ajiye ko ba za ta karanta ba. Kusan duk wayar shafa da ake gani a kasuwannin Mayahi da Tasawa tana aiki ne da Android, wadda kamfanin Google ke jagorantar ginawa.

Tushen Android a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya gyara. Amma abin da ke isowa hannun mai saye ba tushen ba ne kawai. Google na ɗora nasa manhajojin, kamfanin da ya ƙera wayar ya ƙara nasa, wani lokaci har da na ƴan talla da suka biya kuɗi aka saka su tun daga masana'anta. Galibinsu ba sa goguwa.

Masu gina manhajojin tsare sirri sukan ɗauki wancan buɗaɗɗen tushe, su zubar da abin da aka lafta masa, wasunsu kuma su ƙara masa katanga.

Abin da bincike ya gano

A watan Oktoban 2021, Farfesa Doug Leith na kwalejin Trinity da ke Dublin, tare da abokan aikinsa na jami'ar Edinburgh, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa wayoyin Samsung da Xiaomi da Huawei da Realme, da kuma wayoyi masu LineageOS da /e/OS. Sun gano cewa ko wayar na ajiye ba a taɓa ta ba, tana aika bayanai masu yawa zuwa kamfanin da ya ƙera ta da wasu kamfanoni irin su Google da Microsoft da Facebook, kuma babu maɓallin da mai ita zai danna ya hana. /e/OS ce kaɗai ta fita daban a gwajin. LineageOS ɗin da suka gwada an ɗora mata manhajojin Google, don haka ita ma ta riƙa aika bayanai can.

Kafin nan, a watan Janairun 2020, ƙungiyar Privacy International da wasu ƙungiyoyi sama da 50 sun rubuta wa shugaban Google, Sundar Pichai, buɗaɗɗiyar wasiƙa. Kokensu shi ne masu sayen wayoyi masu araha su ne suka fi shan wahalar manhajojin da ake sakowa daga masana'anta, alhali bai kamata sirri ya zama na mai kuɗi kaɗai ba.

A watan Agustan wannan shekarar kuma sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya bayyana cewa ya gano muggan manhajoji biyu, Triada da xHelper, a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Kamaru da Ghana da Masar da Afirka ta Kudu. Manhajojin na ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar wasu ayyuka na kuɗi ba da saninsa ba, suna cinye masa data da kati. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce wani daga cikin masu kawo masa kaya ne ya cusa su, kuma ya riga ya fitar da gyara.

Ga manomin da ke sa katin da bai taka kara ya karya ba domin ya ji muryar ɗansa sau ɗaya a mako, wannan ba maganar masana ba ce. Kuɗin cefane ne ke zurarewa.

Zaɓin da ke akwai

GrapheneOS ita ce masana tsaron intanet suka fi yabawa. Daniel Micay ne ya faro aikin a 2014, yanzu kuma wata gidauniya da ba ta neman riba a Kanada ke riƙe da shi. Tana ba mai waya damar hana kowace manhaja shiga intanet, ko ya nuna mata lambobi biyu kawai maimakon dukan waɗanda ya ajiye. Idan wayar ta daɗe a kulle ba a buɗe ba, takan kashe kanta ta sake tashi, abin da ke sa ciro bayanan cikinta ya ƙara wuya ga wanda ya sace ta ko ya ƙwace ta. Tana kuma da lambar sirri ta biyu wadda idan aka tilasta wa mutum ya shigar da ita, komai zai goge. Wanda ke buƙatar Play Store zai iya saka shi, amma a killace, ba tare da ikon da yake da shi a sauran wayoyi ba. Sharaɗinta guda ne mai nauyi: an gina ta ne domin wayoyin Pixel na Google.

LineageOS ta gaji CyanogenMod ne a ƙarshen 2016. Ƴan sa-kai ke kula da ita, kuma tana hawa wayoyi masu yawa na Samsung da Xiaomi da Motorola da OnePlus. Babban amfaninta shi ne raya tsohuwar wayar da kamfani ya daina aika wa sabuntawa. Ba ta zuwa da manhajojin Google, sai in mutum ya saka da kansa.

/e/OS ta Bafaranshe Gaël Duval ce, wanda ya ƙirƙiro Mandrake Linux a 1998. A kan LineageOS aka gina ta, aka maye gurbin ayyukan Google da wata ƙaramar manhaja mai suna microG. Kamfaninsa na Murena yana sayar da wayoyin da aka riga aka ɗora musu ita, abin da ke sauƙaƙa wa mazauna Turai.

Akwai kuma waɗanda ba Android ba ne sam, kamar Ubuntu Touch da Sailfish OS ta kamfanin Jolla na Finland. Su kam sai mai son gwaje-gwaje, domin manhajojin yau da kullum ba duka ke tafiya a kansu yadda aka saba ba.

Wani abin lura shi ne irin waɗannan ayyuka sukan tsaya. DivestOS, wadda mutum ɗaya ke ɗauke da ita, ta rufe a watan Disamban 2024. CalyxOS ta cibiyar Calyx da ke New York ta sanar da dakatar da sabuntawa na wasu watanni a watan Agustan 2025, bayan wanda ya kafa cibiyar, Nicholas Merrill, ya bar aiki. Manhajar da aka daina yi wa gyara kuwa ƙofofinta ƙara buɗewa suke yi kowane wata.

Wayar da ke hannu ba ta cikin jerin

A nan ne gizo ke saƙa. Kamfanonin da ke bibiyar kasuwa sun nuna cewa kusan rabin wayoyin shafa da ake sayarwa a Afirka na Transsion ne, kuma duk wanda ya leƙa teburin mai caji a yankin Mayahi zai ga Tecno da itel da Infinix ne suka mamaye shi. Dalilan a fili suke: suna da araha, batirinsu na jure kwanaki, suna ɗaukar layi biyu, wanda ke da amfani ga mai sauya tsakanin Airtel da Moov da Zamani gwargwadon inda sabis ya fi ƙarfi, ko mai riƙe da layin Najeriya saboda fatauci ta Jibiya da Dan Isa.

Amma waɗannan wayoyi ba sa cikin jerin da GrapheneOS ko LineageOS ke tallafa wa a hukumance. Abin da ake samu a intanet da sunan manhajar Tecno da aka gyara, galibi wani ne da ba a san shi ba ya haɗa ya watsa. Ɗora irin wannan a waya domin tsare sirri kamar ba kura ajiyar nama ne.

Ko da wayar na cikin jerin, sai an buɗe abin da masu gyara ke kira butloda, wato ƙofar farko da ke tantance manhajar da za ta tayar da waya. Buɗe ta na goge duk abin da ke ciki. Idan kuma aka bar ta a buɗe bayan an gama, kamar yadda ake yi a yawancin wayoyin LineageOS, wanda ya riƙe wayar a hannunsa na wasu sa'o'i zai fi samun sauƙin yi mata kutse. A wurin da waya ke wuni a rumfar caji, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. GrapheneOS na ba da damar sake kulle ƙofar, wanda yana cikin dalilan da suka sa ta tsaya kan Pixel.

Masu gyaran waya a babbar kasuwar Maradi ko Farm Centre ta Kano sun ƙware a filashin, amma abin da suka saba shi ne mayar wa waya manhajarta ta asali. Kuskure kaɗan a wannan aiki na iya sa wayar ta ƙi tashi, ko ta daina ganin layi.

Ga mai son aiko da waya daga waje

Ɗan uwa da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka na iya tunanin sayen Pixel na hannu, ya ɗora mata GrapheneOS, ya ba mai zuwa gida ya kai. Akwai abubuwan da ya kamata ya duba kafin ya fitar da kuɗinsa.

Na farko, wayoyin Pixel da aka saya ta hannun wasu kamfanonin sadarwa na Amurka, musamman Verizon, butlodansu ba ya buɗuwa. Na biyu, shekarun tallafi: daga Pixel 8 ta 2023 Google ya yi alkawarin sabuntawa na shekara 7, waɗanda suka girme ta kuwa wa'adinsu ya fi gajarta, kuma GrapheneOS na bin wannan wa'adin ne. Na uku, Pixel ramin sim ɗaya gare ta, wasu sababbin samfuran Amurka ma ba su da shi gaba ɗaya. Na huɗu, idan gilashin ya fashe a Gidan Amumune, ba kamar na Tecno ba ne da za a samu a Tasawa ko Mayahi a rana guda. Na biyar, sabuntawa na zuwa a kai a kai, tana kuma buƙatar data da sabis mai ƙarfi.

Sai tambaya mafi girma: wa zai riƙe wayar? Idan dattijon da ba ya karatun boko ne, zai koma wurin mai rumfa domin a saita masa ita, ya kuma faɗa masa lambar sirrin. A nan katangar da aka sha wahalar ginawa ta zama ta kara.

Kuɗi da WhatsApp

WhatsApp na aiki a kan GrapheneOS da LineageOS da /e/OS. Inda ake samun cikas shi ne manhajojin banki da na tura kuɗi. Google na da wani tsari mai suna Play Integrity da ke ba manhaja damar tambayar ko wayar na ɗauke da Android ɗin da kamfani ya amince da shi. Wasu bankuna na ƙin buɗewa idan amsar ta zo a'a. Don haka mai dogaro da MyNita, AmanaTa ko manhajar wani bankin Najeriya, ya kamata ya gwada ta a wayar da aka sauya kafin ya rabu da tsohuwar. Ayyukan da ake yi ta danna lambobi, irin na Airtel Money da Moov Money, su ba ruwansu da wannan, domin ta layi suke bi.

Abin da sauya manhaja ba zai ɓoye ba

Kowace irin manhaja aka ɗora, layin da ke cikin wayar an yi masa rajista da sunan wani, kuma eriyar kamfanin sadarwa ta san yankin da yake. Kiran waya na yau da kullum da gajeren saƙo suna bi ta hannun kamfanin ne. A watan Mayun 2020 majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar da ta ba hukumomi damar sauraren wasu hanyoyin sadarwa bisa dalilan tsaro. Haka nan lokacin da aka katse intanet na waya na kimanin kwana 10 bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairun 2021, babu manhajar da ta tsira.

Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta dawo da shi, tare da ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ga wanda ya yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a. Saƙonnin WhatsApp a rufe suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa tun 2016, amma a zauren da ke da mutum ɗari biyu, mutum ɗaya ya isa ya tura muryar wani inda bai yi zato ba. GrapheneOS ba ta da maganin wannan.

Ga masu bin hanyar arewa ma akwai iyaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutane sama da 30,000 da Aljeriya ta koro zuwa iyakar Assamaka a 2024, kuma ta sha ba da rahoton cewa ana ƙwace wa waɗanda aka koro wayoyi da kuɗi. Waya mai kyakkyawan makulli za ta hana a karanta abin da ke ciki, amma ba za ta dawo da lambobin ƴan uwa ba. Lamba biyu ko uku da mutum ya haddace, ko ya rubuta a takarda, sun fi amfani a wannan ranar.

A yi hattara kuma da mai tallar wayar sirri da ba a san asalinta ba. A watan Yunin 2021 aka bayyana cewa wayoyin ANOM, waɗanda aka riƙa sayarwa a ɓoye da sunan babu mai iya karanta saƙonninsu, hukumar FBI ta Amurka ce ke tafiyar da su. An kama mutane sama da 800 a ƙasashe da dama.

Abin da mai Tecno zai iya yi yau

Ga mafi yawan masu waya a Gidan Amumune, barazanar da ta fi kusa ba daga Kalifoniya take ba. Tana hannun wanda aka ba aron waya, da ɗan damfarar da ke kira yana neman a karanto masa lambobi 6 da suka shigo, da manhajar da aka turo ta Xender ba a san inda ta fito ba. Waɗannan kuwa ana iya rage su ba tare da an taɓa babbar manhaja ba.

A sa wa waya lambar sirri mai aƙalla lambobi 6, a kuma kashe ta kafin a miƙa wa mai caji, domin caji ba ya buƙatar waya a kunne. A cire katin memori idan hotunan iyali na ciki, musamman in za a kai gyara. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wadda ke hana ɓarawon lamba ƙwace asusun ya riƙa roƙon ƴan uwa kuɗi da sunan mai shi.

A rabu da GB WhatsApp da ire-irensa. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, babu mai tabbacin inda saƙonnin ke bi, kuma kamfanin na rufe lambobin masu amfani da su. A shiga saitin izini a duba wace manhaja ce ke ganin lambobi da hotuna da makirfo. Tocila ko wasan yara ba su da abin yi da lambar surukin mutum. Masu hulɗa da Najeriya sun san yadda wasu manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobin mutane suna aika wa danginsu saƙon tozarci, har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen watan Mayun 2023.

Wanda aka yi amfani da bayanansa ba bisa ƙa'ida ba yana da inda zai kai kuka. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita a Yamai.

Ɗan jarida, ɗan kasuwa mai juya kuɗi masu yawa ta waya, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke riƙe da sunayen mutane, idan yana da halin sayen Pixel da ke cikin wa'adin tallafi, GrapheneOS ta cancanci wahalar. Ɗalibi mai tsohuwar Samsung ko Xiaomi da kamfani ya manta da ita zai iya gwada LineageOS ko /e/OS, bayan ya tabbatar samfurin wayarsa na cikin jerin da ke shafinsu na hukuma, ya kuma kwashe kayansa zuwa wani wuri.

Shi kuwa ɗan ci-ranin da zai dawo gida kafin damina, akwai aikin da ba ya cin ko dala: ya zauna da mahaifiyarsa a tsakar gida, su zaɓi lambar da za ta iya riƙewa, ya nuna mata yadda ake kashe wayar kafin a aiki yaro da ita rumfar caji.